Dafi Bisa Mizani: Yadda Likitoci Suka Koyi Zuba Maganin Sankara a Jijiya

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa babban asibiti domin karɓar maganin ciwon daji da ake zubawa ta jijiya, wanda jama'a suka taƙaita sunansa suna ce masa kemo, ya san irin jan ran da ke cikin al'amarin: a yi sammako, a hau ma'auni, a ɗebi jini, a zauna jiran sakamako har rana ta take, sa'an nan ma'aikaciyar jinya ta zo ta tambayi majinyaci sunansa alhali kuwa ta san shi tun watanni, ta kirawo abokiyar aikinta su karanta rubutun jikin ledar maganin tare, wani jiƙon ma bayan duk wannan a ce jininsa bai kai ba, ya koma gida sai mako mai zuwa. 'Yan rakiya, musamman waɗanda suka biyo mota daga nesa bayan sun ci bashin kuɗin magani, sukan lissafa wannan cikin wulaƙancin asibiti. Ban musa cewa ana wulaƙanci a asibitoci ba, amma wannan kam ba ya cikinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ladubba yana da sababinsa, kuma galibinsu ba su shiga littafi ba sai da wani bawan Allah ya rasa ransa, ko ya rasa amfanin hannunsa.

Asalin al'amarin a fagen fama yake. A watan Yuli na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka harba wa sojojin Ingila wata sabuwar guba a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, ita ce iskar mastad, wadda ke sa fata ta yi bororo, ido ya rufe, huhu ya ƙone. Bayan shekara biyu wani likita Ba'amurke, Edward Krumbhaar, da matarsa Helen suka buga bayanin abin da suka gani a gawarwakin sojojin da gubar ta kashe, wato ɓargonsu ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki a kan cuta, sun kusa ƙarewa. Aka karanta, aka ajiye, ba wanda ya hango magani a ciki har fiye da shekara 20.

Sai da Yaƙin Hitila ya ɓarke, gwamnatin Amurka ta ɗora wa wasu malamai biyu na Jami'ar Yale, Louis Goodman da Alfred Gilman, aikin binciken wata 'yar'uwar wannan guba a asirce, sa'an nan ƙiyasin da ya kamata a yi tun farko ya faɗo musu: idan dafin nan yana farautar ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa a ɓargo da kaluluwa, me zai hana ya farauci sankarar da ta tsiro daga irin waɗannan ƙwayoyi? Suka jarraba a kan ɓeraye, kumburin ya saɓe. Wani likitan fiɗa, Gustaf Lindskog, yana da majinyaci wanda tarihi bai riƙe komai na sunansa ba sai haruffa biyu, J.D., mutumin Folan ne da ya yi hijira zuwa Amurka, mai shekara 47, wanda sankarar kaluluwa ta cika masa wuya da hamata har haɗiya da juya kai suka gagare shi, gashin haske kuma ya daina yi masa amfani. Da yardarsa, ranar 27 ga Agusta, 1942, da ƙarfe 10 na safe, aka zuba masa maganin a jijiya, a takardarsa kuwa ba a rubuta sunan abin ba saboda sirrin yaƙi, sai harafin X. Aka yi ta ba shi kullum har kwana 10. Kafin a gama ya soma haɗiyar abinci, ƙullutan suka narke, likitoci suka ga abin da ba su taɓa gani ba.

Murnar ba ta daɗe ba, domin kuwa bayan 'yan kwanaki fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ta raguwa har suka kusa ɓacewa, dasashinsa ya riƙa zubar da jini, zazzaɓi ya rufe shi, aka yi ta yi masa ƙarin jini. Da ya ɗan farfaɗo sai sankarar ta dawo, aka sake ba shi, ta ƙi jin maganin kamar da, ya cika ranar 1 ga Disamba na wannan shekara. A jikin mutum ɗaya, cikin wata uku, an ga dukkan mas'alolin da za su shagaltar da masana har yau: maganin yana aiki, yana kuma cin mai shi, cutar kuma tana iya sabawa da shi. Sakamakon bai fito fili ba sai 1946, takardun J.D. kuwa suka ɓace a ma'ajiya, ba a gano su ba sai 2010.

Akwai wata ruwaya da ta shahara, cewa wai kemo ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Bari a Italiya, inda ranar 2 ga Disamba, 1943, jiragen saman Jamus suka tarwatsa wani jirgin Amurka mai suna John Harvey, wanda ke ɗauke da bama-baman mastad a ɓoye, mutum fiye da 600 suka ƙone, fiye da 80 suka mutu, wani likitan soja, Stewart Alexander, ya rubuta rahoton ɓargonsu. Waƙi'ar ta faru, rahoton kuma ya ƙarfafa gwiwar masu bincike, amma wanda ya duba kwanan wata zai ga J.D. ya riga ya shekara a kabari kafin ta auku. Masu ba da labari dai sun fi son wuta da ƙara.

Daga nan magunguna suka riƙa biyo juna. A ƙarshen 1947 Sidney Farber ya soma ba yara masu sankarar jini aminofterin a birnin Boston, wanda wani masani ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, ya jagoranci haɗa shi, 10 daga cikin yara 16 suka sami sauƙi na ɗan lokaci. Abin da ya rage shi ne mizani, domin tazarar da ke tsakanin abin da zai kashe cuta da abin da zai kashe mai cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A 1958 Donald Pinkel ya kawo shawarar a riƙa lissafa adadin magani bisa faɗin fatar jikin mutum gaba ɗaya, wanda ake fitarwa daga tsawonsa da nauyinsa, kuma a kan haka ake tafiya a yawancin magungunan har gobe. Wannan ne dalilin hawa ma'auni a kowane zuwa, tun da mai sankara yakan rame tsakanin zagaye da zagaye, adadin da ya dace da shi a watan jiya kuwa yana iya fin ƙarfinsa a wannan watan.

Awon jinin ma haka. A 1966 Gerald Bodey da abokan aikinsa suka tabbatar da hujjar lissafi cewa gwargwadon raguwar wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini, gwargwadon yawan cututtukan da ke afka wa majinyaci da tsananinsu. A 1971 kuma Stephen Schimpff ya nuna cewa idan irin wannan majinyaci ya yi zazzaɓi, jiran sakamakon ɗakin gwaji halaka ne, wajibi ne a soma zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take. Ƙwayoyin sukan kai maƙurar raguwa ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan karɓar kemo, wato lokacin da mutum yake gida, nesa da idon likita. A nan nake ganin haɗarin ya fi yawa a ƙasashenmu, inda kowane zafin jiki sunansa maleriya, maganinsa kuma yana kemis ɗin bakin layi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai karɓar kemo ba a kwana da shi, ba a kuma danne shi da farasitamol a jira wayewar gari. Ko maleriyar ce, asibitin da ke ba shi maganin ne ya kamata ya faɗa.

Afirka tana da babi nata a wannan tarihi, kuma ba ƙarami ba ne. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa mutumin Ayalan, mai ido ɗaya, wanda ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya buga bayanin wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda daga baya aka sa mata sunansa; ya yi tafiyar mil 10,000 a mota a 1961 yana tambayar asibitoci, ya tarar cutar tana bin yankunan zafi da ruwan sama, inda maleriya ta yi kaka-gida, Nijeriya kuwa tana cikin wannan yanki. Ita ce mafi saurin girma a sankarorin ɗan Adam, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan gaggawa tata ita ce lagonta. A Kampala da Nairobi da Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, yake aiki, aka ga yara sun warke da metotireksat ko saiklofosfamid, wasu ma da zubi ɗaya ko biyu tak, a zamanin da manyan likitocin Turai da yawa ba su gaskata cewa magani kaɗai yana warkar da sankara ba. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka saboda wannan aiki.

Ita wannan cuta kuma ta koyar da wani darasi mai ɗaci, domin idan ƙullutu babba ya narke farat ɗaya, abin da ke cikin ƙwayoyinsa yakan kwarara cikin jini, ya toshe ƙoda, ya rikita bugun zuciya, har yaro ya mutu a daidai lokacin da kumburinsa ke saɓewa, iyaye suna hamdala. Saboda haka aka wajabta ƙarin ruwa mai yawa kafin magani da bayansa, da ba da alofurinol, da auna fitsari. Ruwan nan ne kuma ya ceci sisfilatin, maganin da Barnett Rosenberg ya yi tuntuɓe da shi a 1965 yana gwajin lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya da sandunan ƙarfen filatinam. Saura kaɗan a jefar da shi saboda yadda yake lalata ƙoda, sai Esteban Cvitkovic da abokansa a New York suka nuna, a 1977, cewa idan aka cika jiki da ruwa aka sa fitsari ya gudana, ƙoda tana tsira. Wanda ya ga an rataya masa leda biyu ko uku ta ruwan gishiri kafin a kawo ainihin maganin, kada ya zaci ana ƙara masa kuɗi ne kawai.

Sai kuma ita jijiyar kanta. Akwai wani magani ja wur, doksorubisin, wanda mata da yawa da aka yi wa jinyar sankarar mama suka san shi da ido. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da masanan kamfanin Farmitalia suka samo a ƙasar da aka ɗebo kusa da tsohuwar ganuwar Castel del Monte a kudancin Italiya, aka halatta shi a Amurka a 1974. Muddin yana cikin jijiya jini yana tafiya da shi, sai dai ya rina fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, abin da ba ya cutarwa. Amma idan allura ta goce ya tsiyaya ƙarƙashin fata, yakan manne a nama ya yi ta ci a hankali har makonni, wurin ya yi ja, ya yi baƙi, ya buɗe ya zama gyambon da wani lokaci ke kai wa ga jijiyoyin motsi, sai an yanke an yi dashen fata. Likitocin shekarun 1970 sun ga hannuwa da yawa da suka shanye ta haka kafin a tsara ladubban da ake bi yanzu. Dubi ƙwararriyar nas a bakin aiki: takan guji bayan wuyan hannu da gwiwar hannu inda motsi ke tuɓe allura, ta nemi jijiya miƙaƙƙiya a sangalin hannu, ta ƙaurace wa hannun ɓangaren da aka yi wa fiɗar hamata, ta soka sabuwar kanula, ta tura ruwan gishiri ta gani ko wurin zai tasa, ta ɗan ja sirinji baya har jini ya leƙo cikin siririn bututun, sa'an nan ta soma tura jan maganin kaɗan-kaɗan, idonta a kan fatar, tana tsayawa tana sake jan jinin, tana tambaya, “Baba, akwai zafi? Akwai raɗaɗi?” Kunya da dauriya, waɗanda muke yabon mutum da su a gida, a wannan kujera cutarwa suke yi, domin majinyaci yakan riga nas sanin cewa magani ya fita daga hanya. Idan ya faɗa da wuri, a tsayar da zubin, a zuƙo abin da za a iya ta kanular kafin a cire ta, a ɗora sanyi, akwai kuma makari mai suna deksrazoksen, wanda aka halatta a Turai a 2006, da ake so a soma cikin sa'a 6. Domin rage wannan haɗari ne Robert Hickman ya kyautata, a 1979, dogon bututun da ake zurawa har babbar jijiyar kusa da zuciya, a 1982 kuma aka fito da ɗan akwatin da ake binnewa ƙarƙashin fatar ƙirji, ko da yake tsadarsu ta sa yawancin majinyatanmu har yanzu da jijiyar hannu suke karɓa.

Jan maganin yana da wani hisabi dabam, wato zuciya tana tara duk abin da aka taɓa ba mutum tsawon rayuwarsa, idan jimlar ta haura kimanin miligiram 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, haɗarin gazawar zuciya yakan tashi ƙwarai. Wanda ya sauya asibiti bai tafi da takardar adadin da ya riga ya karɓa ba, ya bar sabon likitansa yana lissafi a duhu.

An daɗe ana kiyaye majinyaci kafin a tuna da masu hidimarsa. Har ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan jinya suna fasa kwalabe suna dama waɗannan magunguna da hannu tsirara a kan teburin ɗakin jinya, sai a 1979 Falck da abokan bincikensa a ƙasar Finlan suka gwada fitsarin masu wannan aiki, suka tarar da alamar abubuwan da ke jirkita ƙwayoyin gado, alamar kuma tana raguwa bayan hutun ƙarshen mako. Daga nan safar hannu da riga ta musamman da akwatin haɗa magani mai zuƙe iska suka samo asali, haka kuma umarnin da ake ba mutanen gida cewa kwana biyu bayan zubi a sa safar hannu wajen kwashe amai da fitsari, a wanke tufafin da suka ɓaci dabam, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan hidima.

Waƙi'ar da ta fi girgiza likitoci kuwa ba a wani ƙaramin asibiti ta faru ba, a cibiyar Dana-Farber ta Boston ce, wadda ke ɗauke da sunan Farber kansa. Betsy Lehman, mai shekara 39, marubuciyar shafin kiwon lafiya ce a jaridar Boston Globe, mijinta ma masani ne a cibiyar, wato idan akwai wanda ilmi da sanayya za su kare, ita ce. A watan Nuwamba na 1994 wani ƙaramin likita ya rubuta mata saiklofosfamid da jimla mai harshen damo, giram 4 a kan murabba'in mita cikin kwana 4. Nufin tsarin shi ne a raba wannan adadi gida huɗu, amma aka fahimce shi a kan kowace rana, aka riƙa zuba mata miligiram 6,520 kullum maimakon 1,630. Takardar ta bi ta hannun masu haɗa magani da ma'aikatan jinya da manyan likitoci, kowa ya dogara cewa na gabansa ya duba. Ta yi ta amai, ta yi ta faɗin cewa wani abu ba daidai yake ba, aka ɗauka wahalar kemo ce da aka saba gani, ta rasu ranar 3 ga Disamba tana shirin komawa gida. Ba a ma gane kuskuren ba sai a watan Fabrairu na 1995, lokacin da wani ma'aikacin shigar da bayanai yake bin lambobi. Bayan wannan aka tsananta ƙa'idodi: a rubuta adadin kowace rana a fili, kwamfuta ta ƙi karɓar abin da ya wuce haddi, mutum biyu su sake lissafin kowa shi kaɗai, kamar yadda alƙali yakan nemi shaidu biyu adilai waɗanda ɗaya bai ari bakin ɗaya ba, kuma a saurari majinyaci idan ya ce yau ba kamar kullum ba ce. Jihar Massachusetts ta kafa cibiyar kiyaye lafiyar majinyata da sunanta.

Saura binkiristin, wanda labarinsa ya fi kowanne nuna iyakar gargaɗi. Ana samo shi ne daga wani ɗan fure fari ko ruwan hoda, ɗan asalin tsibirin Madagaska, wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshinmu. Robert Noble da Charles Beer na Kanada sun karɓi ganyensa daga Jamaika ne a kan ana shansa don ciwon sukari, da suka gwada a ɓeraye sukari bai sauka ba, fararen ƙwayoyin jini ne suka sauka. Tun 1963 binkiristin yake cikin ginshiƙan jinyar sankarar jinin yara, sai dai ta jijiya kaɗai ake ba da shi, idan kuwa ya shiga ruwan laka yakan shanye jiki daga ƙafafu zuwa sama, kusan kullum kuma ajali ne ƙarshensa. Masifar ita ce, su waɗannan majinyata ana yi musu wata allurar dabam a gadon baya, sirinjin biyu kuma suna kama da juna. An fara ba da rahoton wannan kuskure a 1968, aka yi ta manna takardun jan kunne, aka yi ta horo, bai daina aukuwa ba. Ranar 4 ga Janairu, 2001, a babban asibitin Nottingham na Ingila, aka kawo sirinjin biyu ɗaki ɗaya domin wani saurayi mai shekara 18 wanda cutarsa ta riga ta lafa, ƙaramin likita ya yi shakka har ya tambaya, na sama da shi, wanda bai fi kwana biyu da soma aiki a sashen ba, ya ce a ci gaba. Saurayin ya rasu bayan wata guda.

A watan Yuli na 2007, bayan mutuwar wata budurwa a Hong Kong ta wannan hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa, ta ƙidaya rahoto 55 na irin wannan kuskure daga ƙasashe dabam-dabam, ta kuma ba da shawarar a daina zuba binkiristin a sirinji kwata-kwata, a riƙa tsarma shi cikin 'yar ƙaramar ledar ƙarin ruwa, domin leda ba ta haɗuwa da allurar gadon baya, ko mai riƙe da ita ya gaji ko ya yi sabon zuwa. Ƙawancen manyan cibiyoyin sankara na Amurka bai ƙaddamar da yekuwar wajabta wannan a asibitoci ba sai 2016, shekara 48 bayan rahoton farko.